Ranar da Sanata Ya Cinye Sarki

A garinmu Villa Vásquez, in ka tsayar da yaro ko babba ka tambaye shi wa ya fi kowa iya wasan domino, zai ce maka Don Fulgencio. In ka tambaye shi wa ya gaya masa, zai ce maka Don Fulgencio.

Ba wai bai iya ba ne. Ya iya daidai gwargwado, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma abin da ya fi iyawa shi ne dukan tebur. Duk mazan garin nan da ƙarfi suke buga ƙwayar domino, haka suka tashi suka ga iyayensu na yi, sai dai nasa daban ne. In ƙwayar cin wasa ta zo hannunsa, sai ka ga mazaunansa sun rabu da kujera, hannun dama ya tafi sama kamar zai tsinko kwakwa, sannan ya sauko, tim! Kofunan kofi su yi tsalle, kajin maƙwabta su watse. Tun yana saurayi yake haka, har abin ya bar kansa ya koma cikin gwiwoyinsa da kafaɗarsa. Matarsa Nereida ta ce ko mafarkin domino ya yi, matashin kai ne ke shan wahala.

Ana nan sai wani ɗan garinmu, Bienvenido, ya dawo daga New York da tumbi da sarƙar wuya, ya buɗe kanti a bakin kwana, ya kuma zo da wani wasan karta wai shi poka. Ya kafa tsohon teburin domino a gindin mangwaro, ya cika gwangwani da marafan kwalba. Mutum ya sayi marafai ya zauna, in ya tashi da saura ya canza su da kayan kanti.

"Abin ba wuya," in ji Bienvenido ran da yake koya musu. "Kowa zan ba shi kati biyu ya ɓoye. Sai in shimfiɗa biyar a tsakiya, na kowa da kowa: uku tare, sannan ɗaya, sannan ɗaya. Duk shimfiɗa, mai son zubawa ya zuba marafai, saura su biya daidai ko su jefar da katinsu. Wanda ba ya son zubawa ya ƙwanƙwasa tebur a wuce shi. Kati biyu iri ɗaya abu ne. Biyu-biyu sun fi shi. Biyar a jere sun fi su. Biyar masu zane ɗaya, ko zuciya ko mashi ko ganye, sun fi jere. Akwai saura, amma wannan ya ishe ku talaucewa."

"Shi ke nan?" in ji Don Fulgencio, wanda na kusa da shi ke kira Fencho. "Wannan ne Amurkawa ke sa kwat su yi a talabijin?"

"Saura ɗaya, Fencho, kai nake wa ita. In ka haɗa biyu da katin da ya fi girma a tsakiya, amma ka ga zane ɗaya har biyu a shimfiɗe, ko lambobi na bin juna, to rabin teburin kati suke jira. Kada ka bar su su gani a kyauta. Zuba da nauyi, mai son gani ya biya."

"Ni za ka koya wa wasa? Lokacin da nake kifar da manya a kan teburin nan, kana tallan ayaba ba wando. Gwani ba ya gaggawa, yaro. Gwani lallaɓa mutane yake su shigo, sannan ya rufe ƙofa."

A lokacin 'yarsu Yudelka ta haifi namiji, jikan fari, an sa ranar baftisma wata Lahadi. Nereida kuwa tun cikin na ƙarami ta sayi ɗan bunsuru take kiwo don ranar. Ba ta bar shi ya ci shara ba ko sau ɗaya. Kullum sai ta hau tudu ta yanko masa ganyen oregano, don namansa ya yi ƙamshi tun yana yawo da ƙafarsa. Ya yi ƙiba, ya yi gemu, ba ya aikin komai sai ci da harara, shi ya sa unguwa ta sa masa suna Sanata.

Ita ta yi kiwo, shi ya yi shela. Ba wanda Don Fulgencio bai tare a hanya ba.

"Ran baftismar jikana za ku ci naman da ko shugaban ƙasa bai taɓa ci ba. Bunsuruna. Kiwon hannuna."

Amma bunsuru kaɗai bai ishe shi ba. Yana son makaɗa, masu akodiyon da ganga, daga Santiago, a mota. Ga yadda ya tsara: ranar Asabar, jajibirin biki, zai zauna a teburin Bienvenido ya kwashe marafan kowa. Daga nan makaɗa. Bayan biki sai manyan otal na bakin teku, inda Turawa ke zama da gajeren wando da aljihu buɗe. Daga nan Las Vegas.

"Kina son firiji mai ƙofa biyu ko mai uku?" ya tambayi Nereida.

"Ina son ka gyara ƙofar bayan gida, tsoho. Guda ɗaya ce."

Abu na farko, in ji shi, fuska. Ya ga a talabijin cewa gwanayen poka ba a karanta fuskarsu. Sai ya fara horar da tasa. Rannan Nereida ta ajiye masa shinkafa da wake, har da ƙanzon da yake so, ta ce, "Gishiri ya ji?"

Shiru. Ido a kafe, baki a miƙe.

"Fencho?"

Ko gira bai ɗaga ba. A ransa yana cewa, ga shi, matar da ta san ni tun ina da gashi ta kasa gane ko na ji daɗi.

"Wayyo Uwar Allah, ɓarin jikinsa ya shanye! Yudelka, kawo man zafi!"

Kafin ya buɗe baki sun danne shi su biyu, sun lafta masa man zafi daga goshi har haɓa. Ya shiga ido. Ihun da ya yi, maƙwabta sun ɗauka Sanata aka yanka tun ba a kai ranar ba.

Da ya ga fuska ba ta da tabbas, sai ya sayi baƙin gilashi, irin na masu walda. Don ya saba da shi, ya sa shi har coci. Ya yi karo da benci, ya gaida ginshiƙi. Fada, limamin cocin, ya hango shi daga bagade, ya tsayar da wa'azi ya ce a sa ɗan'uwanmu Fulgencio a addu'a, Ubangiji ya mayar masa da ganinsa. Da aka tashi mata biyu suka riƙo shi suka sauko da shi matakala, da yamma aka aiko masa da miyar kaza kwano biyu. Bai gyara musu ba. Ya shanye. Allah dai ya yafe mana baki ɗaya.

Asabar ta zo. Bayan an ci abincin rana Nereida ta ɗaura wa Sanata igiya, ta shafa kansa, ta ɗan share ido da gefen riga, ta miƙa wa mijinta.

"Wurin Don Cheo mahauci za ka kai shi. Yana jira, wuƙarsa a wase. Ka bi ta bayan makaranta."

"Ta kwana ta fi kusa."

"Na sani. Ka bi ta bayan makaranta."

Ya bi ta kwana.

Tun daga nesa kiɗan bachata ke tashi daga kantin Bienvenido. A gindin mangwaro mutum uku na zaune da marafai a gabansu. Akwai Telésforo mai aski, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. Akwai Wilkin ɗan acaba, wanda ba ya jefar da kati ko da wane iri aka ba shi, wai tunda ya biya kuɗin zama sai ya ga ƙarshe. Sai Doña Eduviges, tsohuwa mai sayar da kyandir a ƙofar coci, wadda ita ce za ta tsaya wa jaririn uwar baftisma gobe. Ita cewa take ba caca take yi ba, zama take taya yara, abin da ta samu kuma na kyandir ɗin waliyyai ne. Carbinta a hannun hagu, kati a dama. Wannan tsakaninta da Fada, ni ban ce komai ba.

"Jama'a ku matsa, ga makaho da ɗan jagora!" in ji Telésforo. "Wanne ke jan wanne?"

"Ka yi dariya yanzu, wanzami. Anjima ko kujerar askinka sai ka roƙe ni aro."

"Fencho," in ji Doña Eduviges, ba ta ko ɗago ba, "ba wurin Cheo aka aike ka ba?"

"Cheo ba zai gudu ba, Doña. Zagaye biyu kawai, in kwashe na yaran nan in wuce."

Ya ɗaure Sanata a ƙafar tebur, ya sayi marafai, ya gyara gilashi, ya zauna.

Abin da bai sani ba shi ne, ba mai kallon fuskarsa. Kujerarsa suke kallo. In aka raba kati mazaunansa suka zauna daram, to ba shi da komai. Sai ya tura marafai da muryar zaki, su kuma su biya suna hamma, su kwashe. In kuwa ya ɗan yi sama, sai duk su jefar da kati, ya ci marafai uku yana huci kamar ya kama ɓarawo. Kafin inuwar mangwaro ta kai bakin titi, tulinsa ya koma rabi. Sanata kuma ya cinye bakin hularsa da ya ajiye a ƙasa.

"Dabara ce," in ji shi ga 'yan kallo, don mutane sun fara taruwa. "Kiwo nake. Sai sun yi ƙiba."

"Mun gode da ciyawa," in ji Wilkin.

Sai Bienvenido ya sake rabawa. Don Fulgencio ya ɗaga gilashi kaɗan ya leƙa: sarkin mashi da sarauniya. Kowa ya biya na shiga. Bienvenido ya shimfiɗa uku a tsakiya: sarkin ganye, taran zuciya, takwas ɗin zuciya.

Sarki biyu! Babu abin da ya fi sarki girma a kan tebur, kuma ga ɗan'uwansa a hannunsa. Don Fulgencio ya daure fuska tamau, ko numfashi ya riƙe. Amma gwiwoyinsa ba su je makarantar fuska ba. Suka miƙe da kansu. Hannun dama ya kama hanyar kwakwa. Sai da ya ga kowa na kallon sama sannan ya gane a tsaye yake.

"Sarki ne da shi," in ji Telésforo.

"Sarki ne," in ji Wilkin.

"Sarki ne!" in ji wata mai tallan soyayyar ayaba daga tsallaken titi.

"Wandona nake gyarawa!" Ya koma ya zauna, ya sosa hamata da hannun da ya ɗaga, don a ga dalilin ɗagawar.

"Kai ne na farko, Fencho," in ji Bienvenido. Ya dube shi, ya dubi zuciyoyin nan biyu, ya dubi takwas da tara da ke manne da juna kamar ango da amarya, ya sake dubansa. Har tari ya yi masa.

Don Fulgencio ya gane tarin sarai. Shi ya sa ma ya ƙi. Ya lanƙwasa yatsa, ya ƙwanƙwasa tebur a hankali, ƙwas ƙwas, yana murmushin mugunta.

"A wuce ni. Ba ni da komai, ni talaka."

"Allah sarki," in ji Telésforo, ya ƙwanƙwasa. Wilkin ya ƙwanƙwasa. Doña Eduviges ta ja ƙwayar carbi ɗaya, ta ƙwanƙwasa. Ba wanda ya biya ko marfi.

Bienvenido ya girgiza kai ya shimfiɗa na huɗu: bakwai ɗin mashi.

Bakwai, takwas, tara. Wani tsoho a cikin 'yan kallo ya yi fito. Telésforo ya fara kallon ganyen mangwaro yana waƙa ƙasa-ƙasa, shi da bai taɓa yin shiru da bakinsa ba tun da aka yaye shi. Don Fulgencio ya gyara zama. To, ya ce a ransa, kiwo ya isa, yanzu a rufe ƙofa. Zan tura musu duka, in ga mai zuciyar biya.

Kuma da ya tura kawai, da labarin ya canza, ko bai canza duka ba. Amma Don Fulgencio bai taɓa yin babban wasa a zaune ba. Ya miƙe, ya ture kujera, hannu ya tafi sama, ya sauko da tafinsa a kan tebur, tim! Marafai suka yi tsalle. Sanata ya firgita ya zabura, ya tunkuye shi a bayan gwiwa, Don Fulgencio ya faɗa kujera zaune.

"Ya wuce," in ji Bienvenido. "Telésforo, kai ne."

"Wa ya wuce? Zubawa zan yi! Duka!"

"Ka bugi tebur, Fencho. Wanda ya bugi tebur ya wuce."

"Wannan ba ƙwanƙwasawa ba ce, duka ne! Ƙwanƙwasawa da yatsa ake yi. Duka na maza ne, sanarwa ce!"

"A domino sanarwa ce. A nan wucewa ce. Ko da goshi ka buga, ka wuce."

"Jama'a ku yi shaida! Wanda zai wuce yana tashi tsaye?"

"Mun ɗauka wandon ne kuma," in ji Telésforo.

Dariya ta ɓarke har mai soyayyar ayaba ta bar kaskonta ta tsallako. Don Fulgencio ya rantse da kabarin uwarsa, ya kira Bienvenido ɗan gudun hijira, ya ce zai kai ƙara. Aka tambaye shi wurin wa, ya rasa. Telésforo ya ƙwanƙwasa da yatsa ɗaya, a hankali, yana kallonsa, wai yana nuna masa yadda ake yi. Wilkin ya bi. Doña Eduviges ta sumbaci gicciyen carbinta ta ƙwanƙwasa. Sau biyu ke nan sun gani a kyauta.

Kati na biyar ya sauka: biyun zuciya. Zuciya uku ke nan a tsakiya.

Don Fulgencio ya dubi katin ta cikin gilashin walda. Biyu. Ɗan ƙaramin kati, abin banza. Ja ne ko baƙi, gilashin bai gaya masa ba, shi kuma girman kai bai bar shi ya ɗaga ba. Wannan karon ya zauna a kan hannunsa na dama, ya tura marafansa duka da na hagu.

"Ga shi. Ban bugi komai ba. Mai jini a jika ya biyo ni."

Telésforo ya biya. Wilkin ya biya, shi da ma ba ya jefarwa. Doña Eduviges ta ajiye carbi, ta sa hannu biyu ta turo tulinta gaba ɗaya, tuli kamar na gyaɗa a kasuwa.

"Na ƙara, 'ya'yana. Waliyyai na bukatar haske."

Telésforo da Wilkin suka tura abin da ya rage musu. Bienvenido ya ce, "Fencho, naka sun ƙare. Ba sai ka ƙara ba, iya abin da ka zuba za ka ci in ka ci."

Hanyar tsira ke nan, a buɗe, da fitila. Amma ya dubi tulin tsohuwar, ya ga akodiyon, ya ga ganga, ya ga mota daga Santiago.

"Iya abin da na zuba? Ni? Da sarki biyu? Ina son tulin nan duka. Na sa Sanata!"

Doña Eduviges ta ɗago kai ta dube shi.

"Fencho," in ji Doña Eduviges, "bunsurun Nereida ne."

"A gidana, Doña, abin da ke da ƙafa huɗu nawa ne, abin da ke da ƙafa biyu kuma da izinina yake tafiya. Nereida ba ta ɗaga murya in ina magana. Kallo ɗaya nake mata."

Ya lura 'yan kallo sun daina kallonsa, bayansa suke kallo. Ya ɗauka kwarjini ne. Don Cheo ne ya gaji da jira ya aika gida, Nereida kuma ta taho ta kwana, da ludayin miya a hannu, ta tsaya a bayan kujerarsa tun daga "ƙafa huɗu".

"Ka tabbata?" in ji Bienvenido, yana kallon ludayi.

"Namiji ba ya magana biyu. A buɗe!"

Yanzu dai ba dokar da ta hana shi. Ya miƙe, hannu ya kai har ganyen mangwaro, ya sauko da kati biyun, tim!

"Sarki da sarki! Wa ya fi sarki? Ku durƙusa!"

Wilkin ya juya nasa yana sosa ƙeya: tara da biyu. "Ni ban ma san me nake jira ba. Tara biyu, biyu biyu. Wannan ya fi nasa ko?"

"Ya fi," in ji Bienvenido.

"Tara da biyu? Wa ke zama da tara da biyu? Ko akuya ba za ta zauna da su ba!"

"Da ka zuba tun farko da wataƙila na yi tunani," in ji Wilkin. "Amma kyauta ce, Don."

Telésforo ya ajiye biyar da shida, ya jera su da yatsa kusa da na tsakiya. "Biyar, shida, bakwai, takwas, tara. Ka ga yadda suka yi layi kamar masu jiran aski? Bakwai ɗin nan kai ka saya mini, Allah ya saka."

Ya miƙa hannu zai kwashe, Doña Eduviges ta ɗan buge masa yatsu da carbi. Ta ajiye nata ɗaya bayan ɗaya: ukun zuciya, huɗun zuciya. Ƙananan kati, irin waɗanda ake ba yara su yi wasa. Da ukun da ke tsakiya, zuciya biyar.

"Ni tsohuwa ce, ba na biyan kuɗin kallo," in ji ta. "Da ka ce marfi biyar tun a shimfiɗar farko, da na tafi gida na jiƙa wake. Amma ka ce a wuce, ka sake cewa a wuce. Na ce yaron nan akwai ladabi."

Mutum huɗu a tebur, sarki biyu suka zo na huɗu.

Don Fulgencio ya ɗauki sarkin mashinsa, ya cire gilashi ya dube shi, kamar zai tambaye shi dalili. Hannunsa ya saki ya sauka gefen kujera. Sanata, wanda tun hula bai sa komai a baki ba, ya miƙo wuya ya karɓi katin, ya tauna shi a nitse yana kallon jama'a.

"Sanata ya cinye sarki!" in ji Telésforo. "An yi juyin mulki!"

Mutane suka riƙe ciki. Wilkin ya faɗo daga kujera. A cikin wannan hayaniya Don Fulgencio ya ji an taɓa kafaɗarsa da wani abu mai ɗumi, mai ƙamshin tafarnuwa. Ya waiwaya.

"Yi mini kallon nan, tsoho," in ji Nereida. "Guda ɗayan. Ina jira."

Ya mayar da gilashi.

Ba ta ɗaga murya ba, a nan kam bai yi ƙarya ba. Ta sunkuya ta kwance igiya daga ƙafar tebur, ta miƙa wa Doña Eduviges da hannu biyu.

"Naki ne, Doña, kin ci da gaskiya. In kina so ki haɗa da mai gidan, igiyar za ta ishe su su biyu."

"A'a, 'yar nan. Shi bunsuru ana iya dafa shi."

Tsohuwar ta riƙe igiya, ta bar Don Fulgencio ya dahu a cikin zufarsa. Sannan ta ce ɗan da za ta riƙe a gaban Ubangiji gobe ba za a yi bikinsa da wake zalla ba. Ta ba da Sanata, kyauta daga uwar baftisma. Sharaɗi biyu kawai. Fencho ne zai ja shi zuwa wurin Cheo yanzu, ta tsakiyar kasuwa, ba gilashi. Gobe kuma shi ne a bakin murhu, daga hura wuta har wanke tukunya.

Haka aka yi. Ran Lahadi, bayan an zuba wa jariri ruwa, Fada ya yi godiya ta musamman ga 'yar'uwarmu Eduviges, wadda ta ciyar da unguwa da bunsurunta. Ya kuma yi godiya ga Ubangiji da ya buɗe idon ɗan'uwanmu Fulgencio. Coci duka ta ce amin, wasu da hannu a baki.

Ba makaɗa daga Santiago. Rediyon Bienvenido aka aro. Amma naman, ai sai wanda ya ci. Duk wanda ya cika faranti sai ya biya ta bayan gida, inda Don Fulgencio ke tsugune cikin hayaƙi da tsumma a kafaɗa, ya ce, "Don, ka ɗanɗana bunsurun Doña Eduviges kuwa? Kiwon hannunta!"

Shi kuwa yana bayyana wa matan da ke yanka rogo cewa wasansa daidai ne, katin ne suka yi kuskure.

Da aka gama rabo Nereida ta zo da faranti ta ajiye masa a kan dutse. Ƙafafun Sanata ne guda biyu, cikin romo, da ɗan ƙanzo a gefe.

"Ga naka. Biyu iri ɗaya, kuma su suka fi komai tsawo a tukunya. Ci tun da zafi, tsoho. Karen Wilkin na zagaye."

Ya dubi karen, wanda ke zaune can nesa yana kallon sama kamar ba ruwansa. Ya dubi matan da suka tsayar da wuƙaƙensu suna jiran su ga abin da zai yi. Ya gyara tsumman kafaɗarsa.

"Bari ya huce. Gwani ba ya gaggawa."

Ya juya ya tura itace a murhu. Da ya waiwayo, romo ne kaɗai a farantin, karen kuma ya kai bakin kwana, ƙafa huɗu a ƙasa, biyu a baki.